Yalon da akuya ta ƙi ci

Fushi ne ya kai ni noman yalo. Na je cefane aka ce mini guda huɗu naira 500, na ce abin da yara ke jifan juna da shi a ƙauye? Na dawo na share ɗan filin bayan kicin, na sayo iri a ƙulle cikin takarda, na yi reno, bayan sati biyar na dasa. Taki kuwa buhu biyu na kashin shanu na roƙo a wurin masu kiwon bayan unguwarmu, kyauta suka ba ni.

Kwana goma da dashe akuyar gidan su wane (kun san ta, mai karyayyen ƙahon nan) ta shigo ta aske komai ƙwal. Na yi jimami na haƙura. Ruwa na ƙara sauka sai ga tsirrai goma sha biyu a kan kunyoyin, ganye mai kauri da ɗan gashi-gashi. Na ce Alhamdu lillahi, saiwa ce ta tofo. Akuyar ta dawo, ta sunsuna, ta juya abinta. Ni kuma na ce addu'ar da na tofa a bakin ƙofa ce ta kama ta.

Da ƙaya ta fito a jikin ganyen, uwargida ta ce ita dai ba ta taɓa ganin yalo mai ƙaya ba. Na ce irin zamani ne. Da ya yi fure mai launin shunayya, ta ce na gidansu fari yake yi. Na ce ai wannan na Turawa ne, dogon baƙin nan na manyan kantuna. Wata uku ina cire masa ciyawa, har takin zamani NPK na awo mudu guda na zuba. Ina kwance da dare ina lissafin kwando nawa zan kai kasuwar 'Yan Kaba.

Sai ga ranar sunan jaririyarmu. Baba, surukina, ya zo daga Kura, mutumin da tun kafin a haife ni yake noman lambu. Bayan La'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika. Ba wanda ya aike ni. Da ƙafata na zagaya baya, na tsinko cikin faranti, ƙanana, kewayayyu, wasu sun yi rawaya, na haɗo da garin ƙuli, na durƙusa.

"Baba, ga ɗan abin da gonarmu ta yi."

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau ya saka, ya sake juya shi.

"Kai ka shuka wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Har taki ka sa masa?"

"Har na zamani, Baba."

Ya cire tabaran a hankali ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina biyan 'yan ƙwadago su tumɓuke mini wannan a gona, yau ga mai ba shi taki. Gautan kura ne, yaro."

A nan ya kamata in ɗauki farantina in shige gida. Amma na ga liman ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa na rawa, sai Shaiɗan ya ce mini in kare mutuncina. Na ce, "A'a Baba, kama ce kawai suke yi," na ɗauki ɗaya na gatsa.

Jama'a, na sha maɗaci, na tauna shuwaka, na haɗiyi maganin zazzaɓi ba ruwa. Duk wasan yara ne. Ɗacin nan ta hanci ya bi, ya fito ta ido. Ga shi a gaban suruki nake, ina zan tofar? Na riƙe shi a kumatu, hawaye na zuba, ina gyaɗa kai wai alamar da daɗi. Baba ya miƙe tsaye yana cewa, "Tofar! Tofar, guba ce!" Sannan ya juya ya ƙwala wa matan cikin gida kira, a kawo manja, maigida ya ci gautan kura. Da ƙarfi ya faɗa, har na bakin layi suka ji. Wata gwaggo da ba ta ji farkon maganar ba ta rangaɗa guɗa.

Baban ne daga baya ya ce 'ya'yan gautan kuran a cikin kashin shanun suka zo, don gefen garke wurin zamansa ne.

Amma ni duk wannan bai ƙona mini rai kamar tsohon mai gadin layinmu ba. Mutumin nan a ƙauye ya tashi. Kullum da safe sai ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Malam, ya gona? Allah ya ba da amfani mai albarka." Wata uku cur! Ni kuma in ce amin, in ba shi kuɗin shayi. Da na tsare shi washegari, bakina har lokacin ba ya jin gishiri, sai ya ce wallahi shi ya ɗauka magani nake nomawa. Wai har ya so ya roƙi guda biyu, kunya ta hana shi. Kunya! A ranar sunan kuma shi ne ya fi kowa dariya, har hularsa ta faɗi cikin tuwo. Na ga hular da idona, kada ya musa.

Na duba a intanet, ashe gautan kura ɗan uwan yalon Turawan ne na kusa. Na nuna wa uwargida, ta ce to in kai wa Turawan.

Har yanzu yana nan bayan kicin, ya kusa kai mini ƙugu, don ƙayar ta hana ni kama shi. Akuyar ma ta daina shigowa. Duk mai safar hannu mai kauri ya ara mini zuwa Asabar.