Hanyar Santiyago da duwatsun Birnin Kudu

Shekara shida ke nan ina zaune a Sifaniya, kuma a bara ne abokan aikina suka ja ni muka taka wani yanki na tsohuwar hanyar da Kiristocin Turai suke bi a ƙasa zuwa birnin Santiyago, inda suka yi imani an binne ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Daga garin Sariya muka tashi, muka yi kwana biyar a kan hanya, tafiyar kilomita 115 ko kusa da haka. Ni Musulmi ne, ba ibada ta kai ni ba, kuma na tarar da yawa daga cikin waɗanda muka jera da su ma tarihi da motsa jiki ne suka fito da su.

Tsarin tafiyar ya fi cocin da ke ƙarshenta tsaya mini a rai. Kowane matafiyi yana riƙe da ɗan littafi da ake buga wa hatimi a masauki ko a gidan abinci, kuma ba a ba mai tafiya a ƙasa takardar shaida a Santiyago sai ya taka aƙalla kilomita 100 da ƙafarsa. A 2023 fiye da mutum dubu 400 ne suka karɓi wannan takarda. Ƙauyukan da samarinsu suka watse zuwa birane yanzu da matafiya suke rayuwa, wannan yana sayar da gurasa, wancan yana ba da hayar gado. Kibiyoyin da aka shafa da rawayan fenti a jikin duwatsu da katangu, waɗanda su ne suke hana mutum ɓata, wani limamin cocin ƙauye ne ya fara zana su a shekarun 1980, ba wata ma'aikata ba. Jagorarmu kuwa ba ta wuce tsohuwar gada ko rijiya ba tare da ta tsayar da mu ta faɗi wanda ya gina ta da dalilin da ya sa hanya ta karkato ta nan ba.

A kwana na uku kunya ta kama ni. An haife ni a wani ƙauye da ke ƙasar Birnin Kudu, amma sai da na zo Turai na taka kilomita ɗari don ganin tarihin wasu, alhali ban taɓa zuwa Dutsen Mesa ko Dutsen Habude ba, inda mutanen da suka riga kakanninmu zama a wurin suka zana shanu a jikin dutse. Cikin shanun akwai masu dogayen ƙahoni marasa tozo, irin da ba ma gani a garken Fulaninmu yau, kuma a kusa da zanen akwai duwatsun da suke amo kamar kuge idan an buga su. Tun a shekarun 1950 Bature masanin kayan tarihi Banad Fag ya yi rubutu a kansu. Da na je gida hutu na ce wa ƙanen mahaifiyata ina son ya raka ni, sai ya dube ni ya ce, "Kai kuwa ɗan nan, duk karatun naka a hawa dutse zai ƙare?" Na ce, "Kawu, ai ku ne kuka san wurin." Ya raka ni, kuma abin da ya faɗa mini a hanya game da tsofaffin kufai da inda rafi yake bi a da ya fi abin da na gani a jikin dutsen yawa.

Wannan shi ya sa nake ganin sai an taka da ƙafa, kuma sai da dattijo a gaba. Wanda ya sauka daga mota ya ɗauki hoto ya koma bai san me ya sa aka zauna a gindin dutsen ba, domin bai ji nisan ruwa a ƙafarsa ba. Dutsen Santolo da ke ƙasar Dawakin Kudu, wanda Sarkin Kano Yaji ya ci da yaƙi a ƙarni na 14 bayan zuwan Wangarawa, da Garun Gabas kusa da Haɗeja wanda ake lissafawa cikin Hausa Bakwai da sunan Biram, da Bebeji inda sojojin Ingila suka fasa ganuwa a kan hanyarsu ta zuwa Kano a 1903, duk wurare ne da yaro yake haddace sunayensu a makaranta ba tare da ya taɓa tunanin ana iya zuwa a gani ba.

Kada wani ya ce al'adar Turawa nake son shigo mana da ita. Fataken da suka yi ta zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai shugabantar ayari, da jagaba mai sanin hanya, da zango inda ake sauke kaya a kwana. Kakanninmu sun je Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya. Har yau Kanawa suna hawa Dala ranar Takutaha. Mota ce ta zo, muka mayar da tafiyar ƙasa alamar talauci.

Akwai masu fargabar shirka, kuma ba na raina fargabarsu, domin wasu daga cikin duwatsun nan wuraren tsafi ne a da, kamar yadda Dala ta kasance a zamanin Barbushe. Hadisin da ya hana ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku sananne ne. Sai dai Alƙur'ani a wurare da dama ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Zuwa neman biyan buƙata a wurin dutse daban, zuwa ganin abin da mutanen da suka shuɗe suka bari daban, kuma idan malamin gari yana cikin tafiyar, shi ne zai fi kowa iya tsare wannan iyaka.

Lokacin da ya dace a wurinmu shi ne hunturu, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da mutum zai ratsa saura ba tare da ya taka wa kowa shuka ba. Sai an nemi izinin dagatai da masu unguwanni, sai an san inda za a yi zango da inda za a samu ruwa, kuma dole a biya dattijon da ya yi jagora ladan aikinsa, kada a sallame shi da godiya kawai. Abin da ke damuna shi ne burtali yana ƙara ƙuntata, masu fasa dutse suna sayar da tsakuwa ga magina, dattawan kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na riga na yi magana da kawu da wasu malaman firamare biyu na garinmu, kuma in Allah ya kai mu hunturu mai zuwa za mu fita da 'yan aji shida bayan sallar asuba, mu dawo kafin la'asar.