Mai tsoron Allah ma yakan yi tafiya cikin duhu

Akwai maganar da ke damuna a tsakanin masu bi: wai duk wanda duhu ya daɗe a gidansa, ciwo ne ko rashin haihuwa, to akwai zunubin da ya ɓoye, ko bangaskiyarsa ta yi sanyi. Masu faɗin haka suna da hujja, domin zunubi yakan jawo wahala.

Sai dai a Littafi Mai Tsarki, Ishaya 50:10 yana magana ne da mutum mai tsoron Ubangiji, mai biyayya, wanda duk da haka yake tafiya cikin duhu ba haske. Abin da aka ce masa shi ne ya dogara ga sunan Ubangiji. Aya ta 11 kuwa ta ja kunnen masu kunna wutar kansu suna bin haskenta. A nan tawali'u yake: mutum ya yarda bai san lokacin Allah ba, ya ƙi gaggawa.

Ku dubi matar da ta daɗe ba haihuwa. Tana zuwa asibiti, tana waƙa a zumuntar mata, dangin miji sun matsa mata ta je wurin boka, ta ƙi. Wannan jiran nata bege ne, ko da ta kwana tana kuka.