Dan Allah ku rubuta wa tsohon nan wasiƙa tun yana iya karantawa

Assalamu alaikum 'yan uwana samari da 'yan mata. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, yau dai nace sai na fitar da ita.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a nan Ingila, irin aikin da da yawanmu muka zo muka samu kanmu a ciki. A gidan da nake akwai wani dattijo Bayahude da ya haura shekara casa'in, kullum da hantsi sai ya ce in tura mai kekensa bakin taga saboda lokacin ne mai raba wasiƙu ke zuwa, kuma wallahi abun da ke zuwa da sunansa bai wuce takardar asibiti da ta banki ba, amma gobe ma haka zai zauna ya jira. Matarsa ta rasu, basu haihu ba. A 1939 aka kawo shi ƙasar nan yana ɗan yaro, cikin yara kusan 10,000 da aka kwaso daga Jamus da Ostiriya da maƙwabtansu ba tare da iyayensu ba, don tserar da su daga gwamnatin Hitila. Uwarsa ce ta saka shi a jirgin ƙasa, daga ranar bai ƙara ganinta ba.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke hanyar da ta rage wa irin waɗannan iyaye ita ce saƙon Red Cross, shi ma kalma 25 kacal aka yarda ka rubuta. Kalma ashirin da biyar fa, uwa zuwa ga ɗanta. Watanni ake yi kafin ya iso, idan ya iso yaro ya san tana raye lokacin da ta rubuta, ranar da saƙo ya daina zuwa kuwa babu wanda ya zo ya mai bayani, shirun ne ya gaya mai. Toh ku faɗa mun, mutumin da ya taso a haka, me wasiƙa take nufi a wurinsa? Mu a wurinmu takarda ce, shi a wurinsa shaida ce cewa akwai mai rai a wani wuri da ya tuna da shi.

Kuma lokaci ya ƙure. Yahudawa kusan miliyan shida aka kashe a kisan kiyashin da gwamnatin Hitila ta yi, banda 'yan ƙabilar Roma (waɗanda ake ce wa Gypsy) da naƙasassu da sauran waɗanda aka haɗa da su. A farkon 2024 ƙungiyar Claims Conference, mai nema wa Yahudawan da suka tsira diyya, ta ce waɗanda suka tsira kuma suke raye kusan 245,000 ne a ƙasashe sama da 90, rabinsu sun kai shekara 86 ko sun wuce. Lissafa da kanka ka ga nawa za su kai baɗi.

Akwai wata tsohuwa Lily Ebert, 'yar ƙasar Hangari, da aka kai Auschwitz, sansanin kisa na gwamnatin Hitila, a 1944 tana shekara 20, ranar da suka isa aka kashe mahaifiyarta da ƙaninta da ƙanwarta. Bayan an 'yanto su a 1945 wani sojan Amurka ya rasa takardar da zai rubuta mata wani abu, sai ya ɗauki takardar kuɗin Jamus ya rubuta mata fatan alheri da sa'a a sabuwar rayuwa. Shekara 75 tana ajiye da ita, har a 2020 tattaɓa kunnenta ya saka hoton a Twitter aka gano iyalan sojan, shi ya riga ya rasu. Ita ma ta rasu a Landan a 2024 tana shekara ɗari. Layi ɗaya ne fa daga baƙon da bai ma san ta ba.

Na san abun da wasu za su ce, don an faɗa mun a ido na. Wai Bayahude zaka je kana lallashi alhali ga abun da ake wa Falasɗinawa a Gaza. Ɗan uwa nima zuciyata na ƙuna akan Gaza, ina musu addu'a ina bada abun da zan iya. Amma tsohon nan yaro ne da aka raba da uwarsa a tasha, yau ko cokali baya iya riƙewa da kyau, kuma Allah da kanSa ya ce wani rai baya ɗaukar nauyin laifin wani. A Bukhari da Muslim an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe, aka ce mai ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai bane? Kuma ya je duba yaron nan Bayahude da ke mai hidima da yake jinya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma Musulmin Albaniya sun ɓoye Yahudawa a gidajensu, a Sarajevo, babban birnin Bosniya, iyalan Hardaga Musulmi sun ɓoye maƙwabtansu Yahudawa, da yaƙin Bosniya ya zo bayan shekara hamsin sai aka rama musu alherin, aka fitar da tsohuwar gidan daga garin a 1994. Idan zuciyarka ta fi karkata ga iyayen Srebrenica, Musulmin Bosniya da aka kashe musu maza da 'ya'ya sama da 8,000 a 1995, rubuta musu, suma sun tsufa suma kaɗaici na cinsu. Abun da ban yarda da shi ba shi ne ka ƙi wannan kuma ka ƙi wancan.

Amma dan Allah in zaka rubuta ka san yadda zaka yi. Kar ka je kana haƙo adireshin gidan tsoho a intanet, mutanen da aka taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa da dare ne, baƙo ya san gidansu tsoro ne a wurinsu. Bi ta gidan kula da tsofaffi ko ƙungiyoyinsu, a nan akwai irin su Association of Jewish Refugees da Jewish Care, ka tambaye su ko suna karɓa. Ka rubuta da hannunka, baƙin biro, manyan baƙaƙe saboda ido ya yi rauni, Turancinka ko ya karye ba komai. Babban abun da nake roƙo, kar ka ce ya baka labarin sansani ko yadda aka kashe iyayensa, wasu sun fi shekara arba'in kafin su iya faɗa wa 'ya'yan cikinsu, kai waye da zaka buɗe mai wannan mikin a ambulan sannan ka barshi shi kaɗai da dare? Bashi labarin kanka kawai, garinku, sanyin hunturu, kakarka da bata cin tuwo sai da man shanu, abun da kake karanta a makaranta. Banda siyasa, banda wa'azi, banda roƙon kuɗi ko maganar biza, wannan na ƙarshen kam abun kunya ne wallahi. Kar ka ɗauki hoton wasiƙar da sunansa ka watsa a Facebook don a yaba maka. In kuma kace zaka sake rubutowa toh ka cika, shi fa zai ƙirga kwanaki.

Ƙanwata dake aji biyar na sakandare a Zariya na roƙa ta rubuta wa dattijon namu, da izinin shugabar gidan. Shafi ɗaya ta yi, labarin akuyarta da ta haifi biyu, ta zana su a ƙasa. Sati uku kafin ta iso. Ya daɗe yana shafa kan sarkin da yatsa kafin ya bari in buɗe, na karanta mai sau biyu, ya tambaye ni yadda ake faɗin sunan garin, sannan ya ce in nemo mai takarda da biro. Hannunsa na rawa, don haka amsar ta ɗauke mu kwana huɗu, kuma abun da ya fara tambaya a ciki shi ne wane suna ta saka wa 'yan akuyar.