Bikini 1946: an shirya tayar da bam, ba a shirya wankin jirage ba

Duk wanda ya ga hoton gwajin bam ɗin nukiliya na Bikini, wani tsibiri cikin tsibiran Marshal a tekun Fasifik, hayaƙin nan da ya turnuƙe sama yake kallo, amma ni a ganina ainihin labarin yana wajen ƙananan sojojin ruwa, waɗanda aka miƙa wa burushi da sabulu bayan ƙura ta lafa.

A watan Yulin 1946 Amurka ta tara mutum kusan dubu 42 a tsibiran Marshal ƙarƙashin Admiral William Blandy, aka jera jiragen ruwa fiye da 90 don bam ya same su, wasu wajen 150 kuma aikinsu kawo abinci da mai da wurin kwana da asibiti da gyara, har awaki da aladu da ɓeraye aka loda don a ga abin da zai same su. Mutanen Bikini su 167 aka kwashe su zuwa tsibirin Rongerik, inda daga baya yunwa ta kusa gamawa da su, to wai jiragen abincin nan duk ina suke?

Bam biyu aka tayar. Na biyun, na ranar 25 ga Yuli, a ƙarƙashin ruwa aka tayar da shi, zurfin kamar mita 27. Ruwan ya tashi ya dawo ya wanke jiragen da gubar nukiliya, sai aka ce samari su hau su goge, suka yi ta dirza da ruwan da shi kansa ya gurɓata, yawanci ba wani kayan kariya na kirki. Abin haushi ma, jiragen tallafin da suka shigo daga baya ruwan nan suke zuƙa su tace a sha, gubar ta riƙa taruwa a injinan tacewa da gansakukar jikin jirgi. Na'urar Geiger ta auna gubar nukiliya da suke yawo da ita kuma ba ta ganin fulutoniyam, sinadarin da aka yi bam ɗin da shi.

Za a ce ai sabon abu ne, ba a sani ba. To in ba ka sani ba me ya kai ka tura mutum? Sai da likita Stafford Warren ya dage kafin aka dakatar da wankin ranar 10 ga Agusta, gwaji na uku ma aka soke shi.

Jiragen kuwa suka zama ƙarfen ƙafa. Ɗaya daga cikinsu, Prinz Eugen, aka ja shi zuwa tsibirin Kwajalein ya kife a watan Disamba, sai 2018 aka kwashe man cikinsa, wani jirgin kuma mai suna Independence aka kai San Faransisko, wanki ya gagara, a 1951 suka nutsar da shi a teku.