Farar ƙurar da yaranmu ke shaƙa a garejin fenti

Ɗan ƙanwata shekararsa 15, yana koyon fentin mota a wani gareji a nan Gombe. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na je gaishe su bayan la'asar, ina zaune ya shigo. Girarsa fara, gashin kansa fari, har cikin kunnuwa, kamar wanda ya wuni a injin niƙa. Kafin ya cire takalmi ƙanwarsa mai shekara 2 ta ruga ta ɗare jikinsa, ta kifa fuska a rigar. Uwar ta ce, "Yaya, kullum haka yake dawowa, kuma tarin nan ba ya barinsa barci." Na tambaye shi me ake ba su na kariya. Ya ce, "Kawu, tsumma muke ɗaurawa, in aiki ya yi yawa kuma Oga yakan saya mana madara."

Tun daga ranar abin yake cina, shi ya sa na ga gara in fito da shi fili.

Duk wanda ya taɓa kai mota gyaran jiki ya san tsarin. Fanal bita ya buga ƙarfe ya miƙe, a kwaɓa bodi fila da hadna, wato sinadarin da ke sa shi ƙanƙarewa, a shafe wurin, ya bushe, sai guga. Gugar nan ita ce aikin da ya fi cin lokaci, ita ce ta fi wahala, ita ce kuma ake miƙa wa mafi ƙanƙanta a gareji. Oga yana can yana haɗa kala ko yana ciniki, babban yaro yana riƙe da bindigar feshi, shi kuwa sabon shiga an ba shi sanfefa mai lamba 40 ko 80, ya durƙusa, hancinsa bai fi taƙi biyu da ƙofar motar ba. Wanda huhunsa bai gama girma ba shi aka ajiye a bakin ƙurar. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

In ka yi magana, amsar da za ka fara ji ita ce, "Mu da muke cikin ƙurar hunturu wata uku, wace ƙura ce za ta dame mu?" Ai hazon hunturun ma da iska ke kwaso mana daga Chadi ba lafiya ba ne, kowa ya ga yadda masu asma ke jigata daga Disamba zuwa Fabrairu. Ballantana ƙurar gareji, wadda ba ƙasa ba ce tsantsa. Bodi fila roba ce da aka cakuɗa da garin wani dutse mai laushi, irin wanda ake hoda da shi. Ƙwayoyin da ke jikin sanfefa su ma suna zubewa su shiga cikin ƙurar. Sannan ga abin da ake kankarewa daga jikin motar: tsohon fenti, tsohuwar firaima, tsatsa. Wasu fentin da, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, da sinadarin dalma da kirom ake fito da kalarsu, wasu firaimomin hana tsatsa kuma suna ɗauke da nau'in kirom ɗin da aka tabbatar yana jawo sankarar huhu. Motocinmu kuwa yawanci tsofaffi ne, wata an yi mata fenti sau uku sau huɗu a hannu daban-daban kafin ta iso Tashar Dukku. Yaron da ke guga ba shi da hanyar sanin abin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fentin sama.

Kuma ƙurar da ido ke gani, wadda ke sauka a gira da bonet, ita ce mai sauƙin. Gashin hanci da majina suna tare mafi yawanta, a fyace ko a tofar. Kaurin silin gashin mutum kusan maikuron 70 ne. Ƙwayar ƙurar da ba ta kai maikuron 10 ba tana wuce hanci da maƙogwaro, mafi ƙanƙanta kuma tana sauka har can ƙarshen huhu inda jini ke karɓar iska. Irin wannan ba ta faɗuwa ƙasa da wuri, tana iya shawagi na awoyi bayan an ajiye sanfefa. Ka ga kenan mai walda na gefe yana shaƙa, mai tallar awara da ta shigo tana shaƙa, mai motar da ya zauna a benci yana jira shi ma yana samun rabonsa.

Maganar madara kuwa, don Allah a yi haƙuri a bar ta. Na san ogan da ke saya wa yaransa da kyakkyawar niyya yake yi, haka shi ma aka yi masa. Amma madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu. Hanya biyu ce daban, ba sa haɗuwa. A sha don ƙarfin jiki, ba laifi, sai dai kada wani ya kwanta da tunanin an wanke masa ƙirji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yarinyar nan da ta kifa fuska a rigar yayanta. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yawancin yaran ba su taɓa shiga ramin zinare ba. Dutsen aka kawo gida aka niƙa, ƙurar ta zauna a tsakar gida da tufafi da hannaye. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalmar da ke cikin ƙurar gareji ba ta kai ta wancan dutsen yawa ba, amma hanyar da take bi ta shiga gida guda ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na yadda jikin babba ke zuƙa, kuma babu wani adadi da aka sani wanda za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ba zazzaɓi, ba ƙurji, sai yaro ya shiga makaranta a ga karatu ya ƙi zama, a ce daƙiƙi ne.

To mene ne abin yi? Ra'ayina shi ne a kama ƙurar a inda ake haifar ta, wato a bakin sanfefa, tun ba ta tashi ba. Takunkumi yana da amfani, amma shi ne katanga ta ƙarshe, kuma mutum ɗaya kawai yake karewa.

A 1996 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a garejojin gyaran jikin mota. Ta nuna cewa injin guga mai zuƙo yana rage ƙurar da ke cikin iska zuwa kashi 1 cikin 10 na abin da injin da ba shi da zuƙo ke tayarwa. Kashi 9 sun tafi. Kuma ba wani abin al'ajabi ba ne: faifan injin yana da ramuka, sanfefar ita ma mai ramuka ce daidai da su, tiyo ya ja ƙurar ta cikin ramukan zuwa jaka ko tukunyar tarawa. Akwai mai aiki da lantarki, akwai kuma mai aiki da iskar kwamfuresa, wanda iskar da ke juya shi ita ce ke tura ƙurar cikin jaka. Wannan na biyun ya dace da mu, domin duk garejin da ke feshi yana da kwamfuresa da janareta, ba sai an jira wuta ba. Har katakon gugar hannu akwai mai ramuka da ake jona wa tiyo. Abu ɗaya da za a kiyaye: injin zuƙo maras matata mai kyau yakan haɗiye manyan ƙwayoyi ya feso ƙananan ta baya. Ko dai a samu mai matatar HEPA, wato wadda ke tare har ƙananan ƙwayoyin, ko a ajiye tukunyar a waje, ta ɓangaren da iska ke tafiya, nesa da mutane.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne, ba kyauta ba ne. Amma garejin da ya iya sayen kwamfuresa da bindigar feshi da garanda, abin da ya hana shi wannan shi ne ba a ɗauke shi cikin kayan aiki ba. Gareji biyu ko uku da ke jere suna iya yin karo-karo. Ga riba ma ga shi mai fentin: ƙurar da ke yawo ita ce ke sauka a kan ɗanyen fenti ta bar ƙuraje, a dawo ana gogewa ana bin falish, ga asarar kaya ga ƙorafin mai mota. Sanfefar da ƙura ba ta toshe ta ma ta fi daɗewa.

Akwai kuma abubuwan da ba sa cin ko kwabo. Na farkonsu, a daina hure ƙura da iskar kwamfuresa. Na sha gani, an gama guga sai yaro ya ɗauki tiyo ya bi jikin mota da shi, ya juya ya hure rigarsa da kansa, gareji ya turnuƙe. Duk abin da ya riga ya kwanta an sake tayar da shi zuwa hancin kowa. Tsumma mai danshi zai share mota. Ƙasa kuma a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, abin da kowace uwa ke koya wa 'yarta a tsakar gida.

Guga da ruwa tana kashe ƙura kusan gaba ɗaya, kuma masu fentinmu sun iya ta, da bokiti da sanfefa mai laushi, lamba 400 zuwa sama, a kan firaima da fenti. Sai dai bodi fila yana shan ruwa, in ya sha kuma tsatsa takan taso ta ƙarƙashi, fenti ya yi bororo bayan 'yan watanni. Don haka a kan fila zuƙo ne mafita. Ruwan gugar ma kada a bar shi ya bushe a ƙasa, gobe ya koma ƙura.

Nan zan juyo kanmu, masu motoci. Yawan ƙura daga yawan fila yake, yawan fila kuma daga gaggawa da matse farashi. Ka kawo mota Talata ka ce Juma'a za ka ɗaurin aure Bauchi, ka kuma raba kuɗin aiki biyu. Fanal bita ba zai zauna ya bi lotsawar da guduma a hankali ba, zai lafta fila kamar yaɓen ɗaki, yaro ya wuni yana cinye shi da sanfefa. Fila bai kamata ya wuce kaurin milimita 6 ba, in ƙarfe ya miƙu da kyau ma abin da ake buƙata bai kai rabin haka ba. Tsofaffin gwanaye suna da wata dabara: kafin filar ya gama ƙanƙarewa, yana da ɗan taushi, sai su bi shi da magagari mai manyan haƙora, ya riƙa zubowa sili-sili kamar an kankare rogo, ba ƙura. Wannan yana son natsuwa da lokaci, mu ne kuma ke hana su lokacin. Ƙarin kwana biyu da ɗan abin da za ka ɗora a kan kuɗin aiki, motarka ce za ta fi ƙarko, ɗan wani kuma ya shaƙi ƙasa da abin da yake shaƙa.

Takunkumi kuma a sayi na gaske. Tsumma da shuɗin takunkumin asibiti irin na lokacin korona ba sa manne wa fuska, ƙura ta gefe take shiga. Takunkumin N95 yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, FFP2 kashi 94, amma sai in ya zauna daram, an matse ƙarfen kan hanci. In ya yi datti ko numfashi ya fara wuya a canza shi. Wata gaskiyar da ya kamata a faɗa cikin mutunci: takunkumi ba ya manne wa fuska mai gemu, da yawan iyayen gidanmu kuma masu gemu ne don raya sunna. Ba zan ce wa kowa ya aske ba. Hujja ce ƙari a kan cewa a tare ƙurar tun daga injin. Kuma kada a ɗauki takunkumin ƙura a shiga feshi da shi, ba ya tare tururin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, feshin fenti mai hadna kuma sananne ne wajen jawo asma.

Kayan aiki su kwana a gareji. A wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci abinci ko a ɓare goro, ba da fetur ko tina ba. Tarin da ya wuce mako 2 a je asibiti, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, a kuma gaya wa likita irin sana'ar da ake yi.

Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta kare ma'aikata daga shaƙar ƙura mai cutarwa, amma ni a ganina ƙungiyar makanikai ta NATA ta fi kowa kusa da wannan gyara. Su ake jin maganarsu a gareji, su ke sasanta rigima, su ke yaye yara. In reshe ya ce daga yau ba a hure ƙura da iska, kuma ba a ba yaro sanfefa sai da takunkumi, gobe za a ga canji daga Pantami har Tumfure.

Ranar Asabar na je garejin da kaina. Na gaishe da ogan, na ce, "Maigida, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amanar yaron nan na zo mu tattauna." Ya saurare ni har ƙarshe, dattijo ne mai kunya. Ya ce shekararsa 30 a sana'ar, yanzu ko gudun sahu ba ya iya yi in an tayar da salla, numfashi ke gaza masa. Injin zuƙo ya ce sai ya tambayi farashi a Kano. Hurewa da iska kuwa a gabana ya kira yaran ya hana. Na bar musu kwalin takunkumi ɗaya, na kafa ƙusa a bayan ƙofar shagon inda yaron zai riƙa rataye rigar aiki kafin ya kama hanyar gida.