Layuka 11 da suka tsayar da aikin dubban masu rubuta manhaja

A ranar 22 ga Maris, 2016, wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya kwashe kayansa daga rumbun npm, inda masu aiki da harshen rubuta manhaja na JavaScript ke ɗebo laburare, wato ƙunshin layukan manhaja da wasu suka riga suka rubuta don kowa ya ara. Sun yi saɓani da kamfanin Kik, mai manhajar aika saƙo, a kan sunan wani ƙunshi nasa, npm ta miƙa wa kamfanin sunan, shi kuwa ransa ya ɓaci, ya goge ƙunshi sama da 250. A cikinsu akwai left-pad, layuka 11 kacal, wanda aikinsa cike gefen hagun rubutu har ya kai tsawon da ake so, wato 7 ya koma 007. Nan da nan Babel, wani sanannen kayan aikin JavaScript da ya dogara da left-pad, da ayyukan da suka jingina da shi suka ƙi haɗuwa.

Mutane da dama sun ɗora laifin a kan masu aron abin da za su iya rubutawa da kansu cikin minti biyar. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Cikin 'yan mintuna wani ya sake wallafa left-pad da lambar siga 1.0.0, sai dai gyaran bai kankama ba, domin wani ƙunshi a tsakiyar sarƙar ya ce shi 0.0.3 yake nema, ba wata ba. Sai da npm ta maido da tsohuwar lambar da kanta, bayan kusan awa biyu da rabi.

Ni a ganina, ranar da ka saki laburare ga jama'a, ya zama amana a hannunka, kuma lambar sigarsa alkawari ce. A lamba kamar 2.4.1, ta ƙarshe ta gyaran kuskure ce, ta tsakiya ta ƙarin da bai taɓa tsohon aiki ba, ta farko kuma sanarwa ce cewa wani abu zai karye. Wanda ya sauya sunan wani aiki a cikin laburarensa ya kira sigar 2.4.2 ya ci amanar mutanen da ko saninsu bai yi ba. In sauyin ya zama dole, a bar tsohon sunan yana aiki da gargaɗi a kansa, a faɗi sigar da za a cire shi, a kuma rubuta gwajin da zai tona asirin karyewar kafin ta isa kwamfutar wani.

Bayan wannan rikici ne, a 2016, npm ta hana goge ƙunshin da ya wuce awa 24 matuƙar wasu sun dogara da shi.