Bindigar roba da kwandon bakin ƙofa

Ranar Babbar Sallar da ta wuce, a gidan wasu 'yan uwanmu a Columbus ta jihar Ohio a Amurka, an yi wata 'yar tsama da har yau mata ba su gama maimaita ta a waya ba. Baƙuwa ce ta zo hutu daga gida da ɗanta ɗan shekara tara, yaron riƙe da ƙaramar bindigar roba baƙa wuluk, irin wadda ake bazawa a kasuwa idan Sallah ta matso. Uwar gida ta tare shi tun a bakin ƙofa, ta karɓa, ta saka a wani kwando kusa da inda ake tuɓe takalma. "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba ta shiga ciki, ba ta kuma fita waje. In za ku tafi zan ba ki ita a jaka." Baƙuwa ta ce, "Haba Maman Abba, abin wasa ne fa. Har kun zama Turawa haka?" Aka yi dariyar yaƙe, aka ci nama, amma kowa ya ga ran baƙuwa ya sosu.

Ina bayan Maman Abba ɗari bisa ɗari. Ban ce Hajiya ba ta da hujja ba, don a inda ta fito yaro da bindigar roba ran Sallah ba labari ba ne. Sai dai ba ta san irin unguwar da ta shigo ba.

Gidajen nan ba su da katanga, ba su da soro. Gaban gida fili ne na ciyawa har bakin titi, bayan gida kuma in an yi sa'a akwai shingen katako da bai wuce ƙirjin babba ba, wasu ma babu komai. Duk abin da yaro ya riƙe, maƙwabta uku ko huɗu suna kallonsa ta taga. Kuma maƙwabcin nan ba zai leƙo ya ce "kai, ɗan gidan wa?" ba. Waya zai ɗauka ya buga 911, lambar kiran 'yan sanda da agajin gaggawa. Ga shi Ohio jiha ce da doka ta yarda babba ya rataya bindigar gaske a fili ya yi yawonsa, don haka ɗan sandan da aka turo yana zuwa ne da zaton abin da zai tarar na gaske ne.

A watan Nuwamban 2014, a Cleveland, tafiyar kamar awa biyu daga nan, Tamir Rice ɗan shekara 12 yana wasa da bindigar roba a filin shaƙatawa. Wanda ya kira 'yan sanda ya ce mai yiwuwa ta wasa ce, mai yiwuwa kuma yaro ne, amma ba a isar musu da wannan ba. Cikin kamar daƙiƙa biyu da tsayawar motarsu aka harbe shi, washegari ya cika. Watanni kaɗan kafin nan, a Beavercreek, an kashe John Crawford a cikin kanti yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kanta. A 2016 kuma a nan Columbus ɗin, Tyre King ɗan shekara 13, shi ma bindigar iska ce a jikinsa. Dukansu baƙar fata ne. Ɗan Hajiya, da babbar rigarsa da hularsa, a idon wanda ke leƙe ta taga wani yaro ne baƙi riƙe da baƙin abu.

To kwandon kaɗai bai isa ba, sai mai gida ya san abin da yake karɓa, don ba duka bindigar wasa ce iri ɗaya ba. Ta ruwa mai launi kala-kala da irin ta Nerf mai harba kibiyar soso, waɗannan ana iya barin su da sharaɗi. Kibiyar soso tsawonta kamar santimita 7, kanta roba mai laushi, tana tafiyar kusan mita 20 a daƙiƙa. Wadda suke kira eyasof wani abu ne daban: ƙwayar roba mai tauri take harbawa, faɗin milimita 6, da gudun mita 90 zuwa 120 a daƙiƙa, tana fasa haƙori, tana lalata ido, kuma da gangan ake ƙera ta ta yi kama da ta gaske. Irinta ce ke hannun Tamir. Mai ƙwayar ƙarfe ta milimita 4.5 kuwa ba ma abin wasa ba ce, tana huda fata. Sai sabuwar yayi mai harba ƙwayoyin da ake jiƙawa a ruwa kamar awa huɗu su kumbura. Harbinta da sauƙi-sauƙi, masifarta a ƙasa take: ƙwayoyin suna warwatsuwa a kan kafet, mai rarrafe ya tsinta ya haɗiye, ta ci gaba da kumbura a hanjinsa, kuma ba kasafai hoton asibiti na farko ke nuna ta ba. Gidan da ke da ɗan ƙasa da shekara uku, wannan kada ta ƙetare bakin ƙofa.

Dokar tarayya ta 1988 ce ta sa kuke ganin bakin bindigar wasa da launin ruwan goro mai haske, faɗin aƙalla milimita 6, ko kuma jikinta duka ya zama launi mai ɗaukar ido ko garai-garai da ake ganin ciki. Amma dokar ba ta haɗa da mai ƙwayar ƙarfe ba, kuma yara suna ɓalle bakin ko su shafe shi da baƙar maka don ta "yi kyau". Ta Tamir an riga an cire nata. Wadda aka sayo a kasuwar gida kuwa, ba don kasuwar Amurka aka ƙera ta ba, sau da yawa babu alamar tun asali. Saboda haka gwajin kwando mai sauƙi ne: a ajiye ta a kan kujera, a ja baya taku goma. In za ta iya ruɗar babba na daƙiƙa ɗaya, ta kwana a kwando.

Waɗanda suka tsallake gwajin, a ɗakin ƙasa ake wasa da su, ko a bayan gida in akwai shinge kuma akwai babba a tsaye. Gaban gida, titi, filin wasan unguwa, cikin mota, babu. Kowane yaro da tabarau na kariya, irin na masu aikin katako, mai tambarin Z87 a hannunsa. Dala kaɗan ne, a sayi guda shida a zuba cikin kwandon, don gilashin ido na magani ba ya tare gefe. Kada a raina soso. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun ba da rahoton mutum uku da kibiyar soso ta tara musu jini a cikin ido, ɗaya yaro ne, suka kuma lura cewa kibiyoyin araha da ake saye a intanet kansu ya fi na asali tauri. Mai gida ya matsa kan kibiya da yatsa, in ba ta lotsa ba ya jefar. Harbi daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba a matsowa kusa da taku biyar, wanda bai sa tabarau ba ba ya cikin wasa kuma ba a saita shi, haka kyanwa, haka jariri. A ƙirga kibiyoyi kafin a fara, a ƙirga bayan an gama, don kan robar yana cirewa. Wanda ya karya doka sau ɗaya, bindigarsa ta huta minti goma. Na biyu, wasa ya tashi ga kowa, kuma wannan ne ke sa yaran su riƙa tsare junansu.

Inda Maman Abba ta yi kuskure guda ne: ba ta faɗa tun da wuri ba. Matan Turawan nan kafin yaro ya je gidan abokinsa sai an yi musayar saƙo, ƙarfe nawa za a kawo shi, ƙarfe nawa za a ɗauke shi, ko gyaɗa tana tayar masa da ciwo, ko akwai kare. Likitocin yara ma suna koya wa iyaye su tambaya kai tsaye ko akwai bindigar gaske a gidan, in akwai ko tana kulle, harsashi a ajiye daban. Mu wannan tambayar nauyi take mana, kamar zargi, amma su ba sa jin komai. Layi biyu a WhatsApp da daddare sun isa: "Hajiya, don Allah in yaro na da bindigar wasa a bar ta a gida, gobe zan yi miki bayani." Da ba a karɓe abu a hannun yaro a gaban uwarsa ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai kalmar "Turawa" ce. Baturiyar unguwar nan ba za ta taɓa miƙa hannu ta karɓi abu daga hannun ɗan wata ba. Za ta yi murmushi, ta shiga kicin, ta rubuta wa uwarsa saƙo mai ladabi, ko kuma ba za a sake gayyatar yaron ba, ba tare da an gaya muku dalili ba. Wadda ta tare yaro a ƙofa ta ce kawo nan, ita ce ta yi irin ta gida, inda ɗa na kowa ne, dattijon da ke kan dakali zai ƙwace danƙo a hannunka ya haɗa maka da ranƙwashi, in ka kai ƙara a ƙara maka. Mu da ke nan muna ta ba yaranmu labarin wannan gidan, muna cewa can babba ba ya neman izini kafin ya tsawatar. Sai ga wadda ta sauko daga jirgi makon jiya tana fushi don an taɓa abin ɗanta. Ko dai mun daɗe ba mu je ba ne, ko gidan da muke ba da labarinsa ya tashi ba a gaya mana ba.

Bindigar dai a jakar leda ta fita, aka miƙa wa Hajiya hannu da hannu, aka saka a but ɗin mota, ba kujerar baya ba. Aka kuma ja mata kunne kada ta kuskura ta shiga jakar da yaro zai goya, kuma ran komawa a tura ta can ƙasan akwatin da za a auna, domin masu binciken filin jirgi ba sa barin abin da ya yi kama da bindigar gaske a jakar hannu.